Ruwan Ƙasa, Baƙi, Ruwan Ƙasa

"Wa ya taɓa min kwalayen ashana?"

Ta bango na jiyo muryar, ina tsakiyar haɗa hannun riga. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka da Baba Mai Rediyo, ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba, balle yanzu da ciwo ya cinye shi har tari ma sai ya yi shiri kafin ya yi. Na tsayar da keke, na zura takalmi, na faɗa gidansu ko sallamar kirki ban yi ba.

Na same shi zaune a bakin gado yana lalube a kan teburin aikinsa. Teburin fes, an goge shi har yana ƙyalli. Auta, 'yarsu da ta zo jinya daga garin da take aure, tana tsaye da tsumma a hannu, idonta ya kawo ruwa. Inna, matarsa, tana kan kujerarta a bakin ƙofa, hannu biyu a kan ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da take dogarawa in za ta yi tafiya.

"Baba, gyara fa na yi," in ji Auta. "Kwalayen duk sun ruɓe, kyankyasai sun yi gida a ciki. Ban zubar da komai ba. Ga su nan, na juye su wuri ɗaya."

Ta miƙa masa gwangwanin madara. Ya kai shi kunne ya girgiza, ya saurari ƙarar, ya ajiye a hankali. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Abin da ke cikin gwangwanin shi yake kira rizista. 'Yan mitsi-mitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, da siririyar waya a kowane gefe, da zobba masu launi a jiki. Aikinsu rage ƙarfin wuta kafin ta isa inda za ta, kuma launin zobban ne ke faɗin ƙarfin kowanne. To Baba yanar ido ta daɗe da rufe masa launi. Mitarsa ta awo kuwa allurarta ta mutu tun kafin ya rufe shago. Da jerin kwalayen yake gane su, wannan na kusa da taga kaza ne, na bayansa kaza, hannunsa ya haddace. Auta da tsummanta ta share masa wannan haddar cikin safiya ɗaya.

"Tela ce?" ya tambaya, don ya ji ƙarar takalmina.

"Ni ce, Baba."

"Ke da kike rigima da mutane a kan zare. Kin iya launi ko baki ne kawai?"

"Ka tambayi matan unguwar nan," na ce. "Akwai wadda na mayar kasuwa sau uku a kan shuɗi."

"To ja kujera."

Ina da kayan mutane jibge, amma na ja kujerar, don na san abin da yake ƙoƙarin haɗawa, duk layinmu ma an sani. Inna ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu, ya riƙe mata gwiwa. Ba ta taku sai da ƙarfen, ƙarfen kuma hannu biyu yake ci, babu na riƙe tocila. Wutar unguwarmu kuwa da rana ta faɗi take tattara nata ya nata. Banɗakinsu yana can ƙarshen tsakar gida, sai an tsallake magudanar ruwa, an hau ɗan dakali. Duk shekarun nan Baba ne ke binta da tocila. Lokacin da aka kwantar da shi a asibiti ta gwada zuwa ita kaɗai, ta faɗi a bakin magudanar, goshinta ya fashe.

Tun daga ranar Auta ta yanke magana. In ta Allah ta kasance a kan Baba, za ta tafi da Inna gidanta, hawa na uku a wani dogon bene. Inna ta ce ita ba tantabara ba ce da za a ajiye ta a sama. A ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne cibiyar rayuwarta, ba inda za ta. Auta ta sayo mata fitilar ɗaurawa a goshi, Inna ta juya ta ta ce, "Ni mafarauciya ce?" Ta sayo mai caji, makunninta ɗan ƙarami, yatsun Inna suka kasa, ga shi cajin ma sai da wutar da babu. Shi ne Baba ya ce zai ɗora wa ƙarfen kansa fitila mai batir. Ya sa Auta ta yi masa alkawari, in har Inna ta iya zuwa banɗaki ta dawo ita kaɗai cikin duhu, za a bar ta a ɗakinta. Auta ta amsa, irin amsar da ake yi wa marar lafiya don ya yi shiru.

Na juye gwangwanin a kan farin ƙyalle. Ya koya min riƙo: zoben ruwan gwal a hannun dama, a karanto sauran ukun daga hagu.

"Wannan fa?"

"Ruwan hanta, ruwan hanta, sai ruwan shayi da ba a sa wa madara ba."

"Tela, mahauta muka zo? Babu hanta a nan. Ja ne ko ba ja ba?"

"To ja. Amma ba ja na kirki ba."

"Ba aurensa za ki yi ba. Ajiye shi gefe."

Inna ta yi dariya har ƙarfen ya motsa. Auta ma da ke leƙe daga baranda ta ɗan saki fuska.

Ƙwayayen fitilar guda huɗu suka rage masa, farare ƙanana irin na cikin tocila, waɗanda ake kira LED. Uku yake son jerawa, kowanne da rizistarsa, a kan batir uku irin na rediyon hannu. Ya ce ƙwan nan makwaɗaici ne, bai san ya ƙoshi ba, in ka ba shi wuta kai tsaye zai sha har ya mutu. Ya ce in nemo masa mai ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, mu gwada ɗaya.

Na tsinto wani. Zoben farko ruwan ƙasa, na biyu baƙi, na uku kuwa na kai shi taga na juya shi.

"Me kika gani?"

"Ruwan kofi mai duhu."

"Ruwan ƙasa ne ko baƙi?"

Ni kuwa a sana'ata baƙi baƙi ne, in aka ga ɗan ja yana leƙowa daga ƙarƙashi to ya tashi daga baƙi. Na ce masa da ƙarfin gwiwata, "Ruwan ƙasa ne."

Ya murɗa wayoyin da yatsa, ya taɓa batir. Ƙwan ya yi wani irin haske da sai da na kauda kai, ya koma shuɗi-shuɗi, ya mutu. Wani ɗan ƙauri ya tashi. Baba ya shinshina, sai ya fashe da dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da Auta ta rugo da ruwa.

"Baƙi ne," ya ce da ya samu numfashi. "Goma kika ba ni a maimakon ɗari. Masu yin abin nan launi goma kacal suka sani, Tela. Ba su taɓa jin ruwan kofi ba. Ki rage ilimi."

Kunya ta kama ni, don saura uku cif, babu na kuskure. Daga nan na rage ilimi. Duk wanda na yi shakka sai in jera shi kusa da ɗan'uwansa a hasken rana in kwatanta.

Haka muka yi ta yi, kullum da la'asar in na rufe keke. Da yake kwalaye sun tafi, na yanko dogon ƙyalle mai kauri, ina soke rizistocin a jiki layi-layi kamar allurai, kowane layi na ƙulla masa ƙulli da zare a gefe, wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu, don ya riƙa ganewa da yatsa. Ya shafa ƙyallen daga sama har ƙasa ya ce da ya san haka da tun yana saurayi ya ɗauki tela aiki. Inna ta ce da ya san haka da tela ya aura. Ya ce ai bai makara ba. Na ce su rufa min asiri, mijina yana jin komai ta bango.

Amma kullum in na shigo sai na ga ya ragu. Da farko a bakin gado yake zama, daga baya sai an tokare shi da matasai. Yana magana sai ya tsaya a tsakiya, ya rufe ido, mu yi tsit, sannan ya ci gaba daga daidai kalmar da ya tsaya. Abincin da Auta ke kawowa yana komawa yadda ya zo. Ni dai tausayinsa ya hana ni sakat, in na koma gida sai in zauna gaban keke in kasa taka shi.

Ran gwaji ya sa aka rufe taga da bargo, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Iri biyu ya ware. Ya fara da mai ruwan lemo, ruwan lemo, ruwan ƙasa. Ƙwayayen uku suka kama, haske mai sanyi, ya ɗan zuba a kan siminti.

"Innar yara, me kika gani?"

"Idon mage," in ji Inna. "Uku."

"Ki duba ƙasa, ba fitilar ba."

"Ƙasar nake dubawa, Malam. Ban ga ko takalmina ba."

Na canza zuwa mai ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Nan take siminti ya fito, har tsagar da ke bakin ƙofa da wani maɓalli da ya faɗi tun ban san yaushe ba.

"Yauwa," Inna ta ce. "Wannan ita ce fitila."

"Wannan cin batir gare ta," Baba ya ce. "Waccan za ta ninka ta uku a daɗewa. Ke kuma na san ki, sai ki kunna abu ki manta. Kwana kaɗan za ta shanye."

"Sai a canza."

"Da waɗanne yatsun? Wa zai riƙa canza miki?"

"Kai mana," in ji Inna. "Aikin me kake yi?"

Auta ta tashi ta fita, na ji ta buɗe famfo a tsakar gida ta bar shi yana zuba. Kada wani ya ɗauka Inna ba ta san halin da ake ciki ba. Ita ke kwana kusa da numfashin nan, ta fi likita sanin inda ya kai. Ta faɗa ne don ta ƙi yarda. Baba ya lalubo wayar ya cire daga batir, duhu ya rufe mu, muka zauna a haka har sai da na tashi na yaye bargon.

Washegari da hantsi ya aiko Auta ta kira ni. Ta shiga yi wa Inna wanka, muka rage mu biyu.

"Zaro min uku daga layin ƙulli ɗaya."

"Baba, ai wannan ne mai cin batir."

"Na sani. Ni na koya miki."

Na zaro, na kai taga na tabbatar, ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Ƙarfen narka dalma ya yi zafi, amma da ya ɗauka sai bakin ƙarfen ya riƙa yawo a iska. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya ajiye. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana haɗa wayoyi masu sirantar gashi. Na kau da kai kamar ina neman wani abu a ƙasa.

"Riƙe," ya ce. "Ai ba ta fi allura wuya ba."

Na riƙe ƙarfen, shi kuma ya riƙe min wuyan hannu. Ba ya gani, amma yana jin ƙaurin dalma, yana jin ɗan cus ɗin da take yi. "Taɓa. Jira. Ɗaga." Haka har muka gama haɗi shida. Tafin hannunsa ba nauyi ko kaɗan, ga sanyi. Makunnin da ya zaɓa wani ƙato ne na tsohuwar fitilar tebur, wanda ko da gefen hannu aka doke shi zai kama. Na ɗinka wa akwatin batir 'yar jaka da ragowar yadi, muka ɗaure komai a sandar gaba ta ƙarfen, ƙwayayen a kan 'yar waya mai lanƙwasuwa.

Na miƙe zan tafi ya ce, "Tsaya. Buɗe murfin batir ɗin."

Na buɗe.

"Cire su. Mayar. Mai ɗan tsinin nan yana kallon sama, na tsakiya yana kallon ƙasa. Sake."

Sai da na yi ya fi a ƙirga. Ina cikin yi ne abin ya faɗo min.

"Baba, wayo za ka yi min. Ɗaure ni kake da gidan nan."

"Ni? Makaho da ni, wane wayo na sani?" Ya ja numfashi. "In na sa mai daɗewa, Tela, sai a yi wata da watanni ba wanda ya tuna da fitilar. Wannan kuwa ba ta da haƙuri. Da ta fara yin ja-ja dole a leƙo."

Fitilar ya ce, bai ce kowa ba. Na ce masa ai ko ba batir ina shigowa. Ya ce ya sani, amma mutum yana da ɗinki, yana da yara, yau da gobe sai ta shagaltar da shi, gara a ba shi dalili. Na so in yi masa gardama kamar yadda muka saba, sai na fasa. Na ce to, na karɓa.

Bai ga ƙarshen makon ba.

Da safe ne, ina kan keke. Sai da na yi nisa da ɗinki na lura tun ɗazu ban ji tari ta bango ba. Ina cikin wannan tunani na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar ƙarfen Inna, amma ba daga cikin gidansu ba, daga bakin ƙofata. Rabon da Inna ta fito titi ita kaɗai har na manta. Tana tsaye, ɗankwalinta ya zame, tana haki.

"Tela, zo ki duba min Malam. Auta ta je sayo magani. Na yi masa magana bai amsa ba, kin san shi da son jan rai."

Yana jingine da matasansa, kansa ya ɗan karkata wajen taga, bakinsa a ɗan buɗe. Ƙyallen rizistocin yana kan cinyarsa, yatsansa a kan wani ƙulli. Na taɓa wuyansa, na taɓa hannun da ya riƙe ni da shi. Na juyo, ban san da wane baki zan faɗa ba, sai na tarar Inna ta riga ta zauna a kujerarta, tana gyara ɗaurin ɗankwali da lanƙwasassun yatsunta, tana kasawa, tana sakewa.

"Allah ya jiƙanka, Malam," ta ce. "Ka yi ƙoƙari."

Na durƙusa na ɗaura mata ɗankwalin, a nan kukan ya ƙwace min.

Mutane suka cika gidan, suka ragu, suka watse. Tsofaffin abokan sana'arsa sun zo, wani ya tsaya gaban ƙarfen Inna yana duba haɗin, ya ce dalmar ta yi yawa amma za ta riƙe. Ban ce masa ni na yi ba.

Da gida ya koma shiru Auta ta sauko da babbar jaka daga kan kabad. Ba muguwa ba ce, kada a zalunce ta. Ta rasa uba, tana tsoron a kira ta wata rana a ce uwar ma ta faɗi a bakin magudana ba kowa kusa. Na shigo da yamma na tarar ta tsuguna a baranda tana ninke zannuwan Inna, Inna kuma ta juya mata baya tana kallon bango.

"Yaya, ki yi mata magana," Auta ta ce da ni. "Tun safe ta ƙi cin komai. Ta ce wai na yi wa Baba alkawari."

"Kin yi kuwa," na ce. "Ina wurin."

"Alkawarin majinyaci? Yaya, 'yan ƙwayaye uku ne fa da tsumma."

Tana rufe baki aka ɗauke wuta. Rana ta riga ta faɗi, tsakar gidan ya yi duhu lokaci ɗaya. Auta ta hau lalube tana neman wayarta. Kafin ta samo muka ji ƙarar kujera, muka ji ƙas, Inna ta doki makunnin da gefen hannu.

Haske ya zuba a gabanta, fari tas. Ta ɗaga ƙarfen ta ajiye, ta ja ƙafa. Ta ɗaga ta ajiye. Auta ta yunƙura za ta bi ta, na damƙe mata zani. Inna ta wuce turken shanya, ta wuce bokitin da ke gindin famfo, ba ta waiwayo ba. Da ta isa bakin magudanar sai ta tsaya. Hasken yana dukan ƙofar banɗakin, bai sauka a kan dakalin ba.

"Ɗan yi ƙasa da ita mana, Malam," ta ce.

Auta ta toshe bakinta da zanin da ke hannunta.

Inna ta jira. Ta daɗe a tsaye, bayanta a duƙe. Sannan ta saki hannu ɗaya daga ƙarfen, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta sa ƙashin yatsanta ta danna wuyan fitilar, wayar ta lanƙwasa, hasken ya sauko ya kwanta a kan dakalin. Ta mayar da hannun. Ta tsallakar da ƙafafun ƙarfen na gaba, ta bi su da ƙafar dama, ta jawo ta hagu. Ƙofar ta rufe.

Auta ta koma ta zauna a kan jakar, zanin da ta fara ninkewa ya warware a cinyarta, ba ta sake ninke shi ba. Muka zauna a duhu ni da ita, muna kallon siririn farin layin da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar banɗakin.